Baƙo Direba da Kunyar Ɗan Fari

Duk wanda ya yi aiki a ramin Arlit a shekarun da uraniyom ke tashe ya san Baƙo direba, ko da bai taɓa jin muryarsa ba. Da ma muryar ba ta cika fitowa ba. Ba'adare ne daga wani ƙauye gabas da Tawa, dogo, siriri, mai tafiya da kai a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. Ya iso a 1970 da tabarma da buta, lokacin garin bai wuce rumfuna da tankin ruwa ba. Ya yi lebura, ya yi wankin mota, ya yi kanikanci na ɗan lokaci, har aka damƙa masa ɗaya daga cikin manyan motocin nan masu kwaso dutse daga gindin rami, waɗanda tayarsu ta fi mutum tsawo. Shekara shida yana hawa yana sauka da ita, ko fenti bai taɓa goge mata ba.

Abu biyu aka san shi da su, gaskiya da kunya. Ta gaskiyar har ta yi yawa. Wata rana ya taka tiyon ruwa a bayan gareji, ba wanda ya gani sai Allah, amma mutumin nan ya faka mota ya tafi biro, wato ofishin kamfani, ya kai ƙarar kansa. Tun daga ranar, Bafaranshen da ke shugabantar rami, wanda ma'aikata ke kira Mai Lofe, ya riƙa cewa idan Baƙo ya ce abu kaza ne, to a ajiye ma'auni.

Ta kunyar kuwa gado ce. A gidansu, kamar gidaje da yawa a Adar, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi, balle a yabe shi a gaban mutane. Ranar sunan nasa ɗan farin, Baƙo gona ya gudu tun da asuba. Da aka yaye shi aka miƙa shi ga kakarsa 'Yargata, ita ce mai izinin yi masa kirari da sa masa nama a baki. Da tsohuwar ta rasu aka kawo shi Arlit yana da shekara goma sha biyu, ya tarar da uba da uwa, Mairamu, waɗanda in suna son kiransa sai su ce "kai" ko "wancan". Sunansa Fatahu. Mu da ba mu haife shi ba, ba abin da zai hana mu faɗa.

To, wancan ɗin ya tashi da kai. Ya gama koleji aka tura shi lise, babbar sakandare, a Agadas, kuma labarinsa ya riƙa riga shi isowa gida. Shekara biyu a jere 'yan makaranta suna zaɓensa shugabansu. An ce da famfon makaranta ya mutu ana saura wata guda jarrabawa, yara suka ɗaure kaya za su watse, shi ya tsayar da su, ya raba su rukuni-rukuni suna ɗebo ruwa da amalanke, shi da wasu biyu suka kwance famfon suka gano abin da ya ci. In ya zo hutu ba ya zama. Yakan tara 'ya'yan lebura a wata rumfa a unguwar Bukoki yana koya musu lissafi da gawayi a jikin kwano. Sannan ga ciwon duwatsu. Ɗakinsa cike yake da gwangwanayen madara, kowanne da dutse a ciki da 'yar takarda mai bayanin inda aka samo shi da irin jikinsa.

Duwatsun da suka fi kyau a cikin tarin nan a kan katangar gida yake tsintarsu. Lokaci-lokaci zai fito da safe ya ga an ajiye wani, ja ko rawaya, wani ma da zanen itace a jikinsa, daga ƙasar saman rami wadda ake zubarwa. Fatahu ya yanke cewa aikin Akoli ne, Buzun da ke tuƙa motar ban ruwan hanya, aminin babansa. Duk zuwa hutu sai ya kawo wa Akoli ganyen shayi daga Agadas ya yi masa godiya. Akoli kuwa ya karɓa ya sa albarka, bai taɓa cewa ba shi ba ne.

A daminar 1980, in za a kira abin da ake yi a Arlit damina, Fatahu ya ci bak, jarrabawar gama lise, a sashen lissafi da kimiyya. A shekarar kamfani ya ware gurbi ɗaya tak ga ɗan ma'aikaci, a tura shi babbar makarantar injiniyoyin ma'adinai a ƙetare. Aka tace, aka tace, saura yara biyu, Fatahu da wani, makinsu kusan ɗaya. Kwamiti zai zauna ya duba abin da ya wuce maki: halin yaro, iya jan mutane, da abin da zuciyarsa ke so. Mai Lofe na cikin kwamitin.

Wata Asabar da hantsi, direbobi da kanikawa kusan ashirin suna inuwar gareji, Akoli na zuba shayi na biyu, sai ga Mai Lofe da takardu a hammata, fuskarsa wasai. Ya ƙwala wa Baƙo kira. Ya ce ashe wannan yaron ɗansa ne bai taɓa faɗa ba? Ya buɗe wasiƙar malamin lise ya shiga karantawa da ƙarfi, labarin famfo, labarin zaɓe, labarin gwangwanaye. Kowace kalma ta sauka a kan Baƙo kamar ana tuɓe masa riga a kasuwa. Gumi ya keto masa. Ya kafa ido a kan takalminsa, yana jin idanun mutum ashirin a ƙeyarsa.

Mai Lofe ya rufe takardar ya ce, "Malamai sun saba zuba gishiri. Kai ne ubansa, kuma kai ba ka ƙarya. Haka yake?"

Baƙo ya amsa da ɗan Faransancinsa na rami, ba tare da ya ɗaga kai ba. "Wancan? Ba komai ba ne, shef. Yawo ya sani. Tara yara da tsince-tsincen duwatsu. Ko aike ba ya ji."

Dattawan wurin suka gyaɗa kai. Wani Bagobiri ya ce a hankali, "Madalla da ɗan asali." A kunnensu Baƙo ya yi abin da uba na gari ke yi, kuma sun fahimci cewa yaron gwani ne tunda har uban ya kushe shi haka. Mai Lofe kuwa ya cire lofen daga baki, ya dubi Baƙo na ɗan lokaci, ya zaro alƙalami daga aljihu ya yi rubutu a gefen takardar. Akoli kaɗai ya lura da rubutun, har shayi ya zube masa a yatsa.

Ranar Talata Baƙo na saukowa daga mota sai Mai Lofe ya tare shi ya dafa masa kafaɗa. Ya ce ya gode. Ya ce a ƙasarsu ma da wuya a sami uban da zai faɗi gaskiya a kan ɗansa a irin wannan wuri. Ya ce ya gabatar wa kwamiti maganar, an rubuta ta, kuma ranar Alhamis za a sa hannu a kan takardar ɗayan yaron. Ya ƙara da cewa kada Baƙo ya damu, za a iya samar wa nasa aiki a sito.

Baƙo ya ce, "To, shef." Abin da ya iya faɗa ke nan. Ya zaga bayan motarsa ya jingina da taya. Baki shi ke yanka wuya, amma shi nasa bakin wuyan ɗansa ya yanka, kuma an zo ana yi masa godiya. Bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba, don wannan ba irin wadda ake yaba wa mutum a kanta ba ce.

Da la'asar ya sami Mairamu tana tankaɗe a tsakar gida, ya tsuguna nesa da ita ya gaya mata. Ta ajiye rariya.

"Mi kac ce ma Nasaran?"

"Abin da aka cewa. Mi zan ce? Gaban mutane fa anka tambaye ni."

"To ai Nasara bai san abin da aka cewa ba! Shi abin da kunne nai ya ji shi ka shiga takarda. Shekara goma kana tare da su, ba ka gane ba?"

"Ke da ke ta tsaye wurin, mi za ki ce?"

Ta san da ita ce ma da rufe fuska za ta yi ta gudu. Sai ta fashe da kuka ta ce, "Da tsohuwa na da rai, da ita ta tahi ta wanke shi. Yanzu ga wancan can cikin rumhwa shina koya ma ɗiyan mutane, bai san uba nai ya binne shi ba."

Abin tausayi, abin dariya. Mutum biyu suna faɗa a kan ɗansu har maƙwabta na leƙe, kuma daga farkon faɗan har ƙarshensa ba wanda ya ambaci sunansa. Da yaron ya dawo da magariba ya durƙusa ya gaishe su, Baƙo ya amsa yana kallon buta.

Washegari ya nemi Akoli ya roƙe shi ya je ya gyara. Ai haka ake yi, abin da uba ba ya iya faɗa, aboki ke faɗa masa. Akoli ya gyara rawani ya tafi biro wurin Mai Lofe, ya daɗe, ya dawo yana kaɗa kai.

"Na faɗa masa duka," in ji shi da Hausarsa ta Buzaye. "Na ce al'ada ne, yaro na fari ba a yabonsa. Ya ce shi Baƙo ya sani, Baƙo ba ya ƙarya. Na je wurin shef na ma'aikata, shi Bazabarme ne, ya gane, har ya yi dariya. Amma ya ce magana ya shiga takarda, takarda kuwa bai san kunya ba. Ya ce uban ɗayan yaro sau uku ya zo yana yabon nasa. Wanda ya sa magana shi zai zo ya cire. Gobe ƙarfe tara."

"Ni? Da bakina?"

"Da na wa? Ni shekara biyar ina shan shayin da ba nawa ba saboda kai. Ya isa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ranar Alhamis Baƙo ya nemi izinin awa guda, karo na farko tun da ya fara aiki. Ya tafi da kakin aikinsa, hular kwano a hannu. Sau biyu yana kaiwa ƙofar ginin yana wucewa kamar mai neman wani wuri. A na uku mai gadi ya riƙe masa ƙofa, ba yadda zai yi.

Ɗakin na da sanyin na'ura. Mutum huɗu a bayan dogon tebur, Mai Lofe, shef na ma'aikata, da wasu biyu, ga wata mai buga tafireta a gefe. Abin da Baƙo bai yi tsammani ba shi ne kujerar da ke gaban teburin. An kira yaran biyu a yi musu tambayoyin ƙarshe, na farko ya fita, kuma wanda ke zaune yanzu da farar riga, hannuwa a gwiwa, ɗansa ne. Yaron ya zabura ya miƙe, ya rasa inda zai sa idonsa.

Baƙo ya dubi shef na ma'aikata ya ce da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, "Don Allah a hidda shi waje."

Shef ya fassara. Mai Lofe ya ce a'a. Ya ce rayuwar yaron ake magana a kai, kuma yana da haƙƙin ya ji abin da aka faɗa a kansa. Ya ɗauko takardar ya karanta maganar Asabar, kalma bayan kalma, yawo, tsince-tsince, ko aike ba ya ji. Baƙo ya ga kafaɗun yaron sun sauka. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya yi mata godiya ya shige.

A bangon hagu akwai babbar taswirar rami. Baƙo ya juya ya fuskance ta, ya ba ɗakin baya, ya ƙanƙame hularsa a ƙirji. Da taswirar ya yi magana, shef na fassarawa.

"Abin da nac ce ranar Asabar ba haka ya ke ba. Ƙarya na yi."

Tafireta ta tsaya. Mai Lofe ya ajiye lofe a kan tebur.

"Wancan, tun da anka kawo shi ban taɓa aike nai ya ƙi ba. Aiken ne ban yi, kunya ta hana ni. Yaran da shika tarawa Bukoki, goma sha ɗaya sunka ci satifika bana, na ƙirga su. Ina tsayawa bayan rumhwa in na taso aiki, ina saurare, ko da ban gane lissahin ba. Maganar hwamhwo gaskiya ta, na tambayi direbobin Agadas ɗaya-ɗaya. Duwatsu kuwa..." Ya ƙara matse hular. "Duwatsun da shika iskewa bisa katanga, ba Akoli ba ne. Ni ka ɗauko su wurin zubda ƙasa, in sa aljihu. In laihi ne a rubuta shi kaina. Na ga in ya ɗauki dutse shina juya shi kamar mai karatun wasiƙa. Ni shekara goma ina kwasar dutsen ga ban san mi ina kwasa ba. Shi ya sani. In kunka hana shi don maganata, kun hana wanda ya dace."

A bayansa ya ji yaron ya ja numfashi mai rawa, kuma wannan ya fi komai ƙona shi.

Shef na ma'aikata ya yi gyaran murya. Shi ma ɗan farin wani ne, ya san abin da zai nema ba ƙarami ba ne. Ya ce a hankali, "Malam Baƙo, ka yi haƙuri. Dosiye biyu ne a gabanmu, takardun yara biyu. Ba a rubuta 'wancan' a takardar kwamiti. Wa kake nufi?"

Baƙo ya daɗe yana kallon layukan taswirar. Shekara ashirin sunan nan na bakinsa bai taɓa fita ba, ko a addu'a cewa yake "yaron ga", ya san Allah ya gane. Ya buɗe baki ya rufe. Ya sake buɗewa.

"Fatahu," ya ce. Ya fito a shaƙe, har mai tafireta ta ɗago kai alamar ba ta ji ba. Ya ƙara da ƙarfi, "Fatahu Baƙo. Ɗana na."

Bai jira a sallame shi ba. Ya fita da gefe-gefe don kada su haɗa ido, ya manta da hularsa ma tana hannunsa, ya yi ta nemanta a kai har bakin gareji.

Kwamiti ya ƙara kwana biyu yana muhawara, sannan aka manna suna a allon biro, na Fatahu. Mai Lofe bai sake cewa a ajiye ma'auni don maganar Baƙo ba. Ya ci gaba da gaishe shi da mutunci, amma yakan tsaya ya dube shi kamar mai son tambaya, sai ya fasa. Wannan ya tsaya wa Baƙo a rai har ya yi ritaya. A gida kuwa uba da ɗa suka shiga wasan ɓuya, in wannan ya shigo wancan ya fita. Ranar tafiya Baƙo bai raka shi tasha ba, yana gindin rami lokacin da motar Yamai ta tashi.

Labari kuma ba ya kwana a Arlit. Kafin mako ya zagayo, duk gareji ya ji cewa Baƙo ya tsaya gaban Nasara ya yi wa ɗan farinsa kirari har da suna. Bagobirin nan da ya ce madalla ya daina zama kusa da shi wurin shayi na ɗan lokaci, yana cewa zamani ya lalace. Matasan kanikawa kuwa suka samu abin yi. In ya wuce sai wani ya ɗaga murya, "Baban Fatahu, ina kwana!" Sai ya ƙara sunkuyar da kai ya yi kamar ƙarar inji ta hana shi ji. Wata uku ana haka bai amsa ko sau ɗaya ba.

Ran nan da hantsi, a inuwar nan dai ta gareji, masinjan biro ya kawo wasiƙu. Akoli ya riga kowa karɓar wata mai shuɗi da jan baki da tambarin ƙasar waje. Ya juya ta, ya shinshina ta, ya ɗaga ta sama.

"Baban Fatahu!"

Baƙo ya ci gaba da hura shayinsa.

"Baban Fatahu! To, babu mai wannan suna a nan. Masinja, mayar da shi gidan waya, a koma da shi inda ya fito."

Masinjan ya miƙa hannu da gaske. Baƙo ya ajiye ɗan kofinsa a ƙasa, kunnuwansa na zafi, idonsa a kan takalminsa kamar kullum.

"Na'am," ya ce, ya miƙa hannu biyu.